Tashi da Dawowa: Matuƙan Jiragen Dako na Amurka da Japan a Yaƙin Tekun Fasifik, 1942 zuwa 1944

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da matuƙan jiragen sama na sojan ruwa suka shiga a Yaƙin Duniya na Biyu, wato waɗanda suke tashi daga doron manyan jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi. Ta ɗauki gumurzun Midway na 1942 da na Tekun Filifin na 1944 a matsayin misali. Hujjarta ita ce, abin da ya fi damun matuƙin jirgin dako, ya kuma bambanta shi da takwaransa mai tashi daga tudu, shi ne dawowa: nisan teku, ƙarancin mai, da sauka a kan fili mai motsi. Yadda kowace rundunar ta ɗauki dawowar matuƙinta ya yi tasiri a kan yawan ƙwararrun da suka rage mata a ƙarshen yaƙin.

Gabatarwa

A ƙasar Hausa an fi sanin yaƙin da aka yi da Japan ta bakin tsofaffin sojojin da suka je Burma, yaƙin daji da damina da ƙafa. A daidai lokacin da suke can, ana wani yaƙin da Japan ɗin dai a tsakiyar Tekun Fasifik, wanda salonsa bai taɓa faruwa ba kafin nan. A gumurzun Tekun Coral, cikin Mayu 1942, rundunonin ruwa biyu suka gwabza ba tare da jirgin ruwan wani ɓangare ya hangi na ɗayan ba. Samari ne a cikin ƙananan jiragen sama suka kai wutar, suka kuma karɓe ta.

Alamar haka ta riga ta bayyana. A Nuwamba 1940 jirage 21 kacal, samfurin Swordfish, suka tashi da dare daga jirgin dakon Birtaniya mai suna Illustrious suka gurgunta manyan jiragen yaƙin Italiya uku a tashar Taranto. Ranar 7 ga Disamba 1941 kuma jiragen dakon Japan shida suka saki jirage kimanin 350 a kan Pearl Harbor. Tarihin waɗannan hare-hare an rubuta shi sosai, galibi daga kujerar manyan hafsoshi. Ni abin da ya ja hankalina shi ne mutumin da ke cikin jirgin, musamman a sa'o'in da suka biyo bayan sakin bam.

Filin jirgi mai tafiya

Doron jirgin dako irin su Enterprise da Yorktown da Hornet tsawonsa kimanin mita 250 ne, kuma ba duka ake sauka a kai ba. A wancan zamanin doron miƙaƙƙe ne. Gaba an jera jiragen da suka riga suka sauka, wasu da mai a ciki. Baya an gitta igiyoyin ƙarfe, mai sauka zai saki ƙugiya daga wutsiyar jirginsa ta kama ɗaya daga ciki. In ƙugiyar ta kuskure duka, sai shingen waya da aka ɗaga a tsakiya ya tare shi. In ya tsallake shingen, to a kan 'yan'uwansa zai faɗa. Amurkawa suna tsayar da wani ƙwararren matuƙi a gefen baya da faifai biyu a hannu, yana nuna wa mai saukowa ya yi sama, ya yi ƙasa, ya rage gudu, ko ya fasa ya sake zagayowa. Japanawa kuwa jerin fitilu suka dogara da su. Ban da wannan, dole jirgin dakon ya juya goshinsa zuwa inda iska ke fitowa kafin a tashi ko a sauka, ko da kuwa juyawar za ta nesanta shi da jiragen da yake jira.

Samun jirgin dakon ma kansa aiki ne. Kafin tashi ana gaya wa matuƙa wurin da ake sa ran jirgin zai kai bayan awa uku ko huɗu. Kowa ya rubuta a allon lissafinsa, ya ci gaba da ƙirga gudu da lokaci da karkatar iska yana tuƙi. In yaƙi ya tilasta wa kyaftin ya canza hanya, ba lalle a sanar da su ba, domin magana ta rediyo tana tona asirin inda runduna take. Amurkawa suna da na'urar da ke aika siginar jagora, amma ba ta kai nisa ga jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa. Teku kuma ba ta da dutse ko kogi ko hasumiyar da za a ce an gane hanya da ita. A yammacin 7 ga Mayu 1942, a Tekun Coral, wasu matuƙan Japan da duhu ya rufe suka ga jirgin dako suka shiga layin sauka. Sai da aka buɗe musu wuta suka gane Yorktown ne na abokan gaba.

Safiyar 4 ga Yuni 1942

A Midway jiragen dakon Amurka uku suka yi wa na Japan huɗu kwanton ɓauna, bayan masu fasa saƙonnin sirri a Hawai sun gano shirin Admiral Yamamoto na Japan. Sanin cewa abokin gaba yana tafe daban, samunsa a faɗin teku daban.

Jiragen Hornet sun tashi ƙarƙashin Kwamanda Stanhope Ring. John Waldron, shugaban Rukuni na 8 na jiragen topido, wato makamin da ake saki ya yi gudu a ƙarƙashin ruwa ya fasa cikin jirgi, bai yarda da alƙiblar da aka bi ba. Ya ɓalle da jiragensa 15, ya kuwa je daidai kan rundunar Japan, amma ba jirgin rakiya ko ɗaya tare da shi. Jirgin da suke tuƙawa, Devastator, ya riga ya tsufa. Makamin da yake ɗauke da shi kuma ba ya aiki sai an sake shi ana tafiya a hankali, dab da ruwa, a miƙe ba kauce-kauce. Ma'ana, an buƙaci matuƙi ya mayar da kansa abin bara na tsawon mintuna a gaban jiragen Zero na Japan, waɗanda suka fi shi gudu nesa ba kusa ba. Duka 15 aka kakkaɓo. Cikin mutum 30, George Gay kaɗai ya rayu. Ya ɓuya ƙarƙashin matashin kujerarsa a cikin ruwa har dare ya yi, washegari wani jirgi mai sauka a kan ruwa ya tsince shi. Rukunin Enterprise na Eugene Lindsey da na Yorktown na Lance Massey suka biyo baya, suka tarar da irin wannan. Jimilla jirage 41 suka kai harin topido daga jiragen dakon uku, aka rasa 35, kuma babu makami ɗaya da ya fashe a jikin jirgin Japan. Wannan asara ba ta rashin jarunta ba ce. Makami ne da ba a gwada shi yadda ya kamata ba tun lokacin zaman lafiya aka danƙa wa mutane, suka biya da rayukansu.

Sauran jiragen Hornet ba su ga abokin gaba ba ko kaɗan. Jiragen rakiyarsu goma, samfurin Wildcat, mai ya ƙare musu suka faɗa teku ɗaya bayan ɗaya. An ceto matuƙa takwas bayan kwanaki suna shawagi a kan robar ceto, biyu kuwa ba a sake ganinsu ba. Harsashi ko ɗaya bai taɓa su ba.

Wade McClusky, wanda ya jagoranci jiragen bam na Enterprise, shi ma ya isa inda aka ce masa ya tarar da ruwa zalla. Ma'aunin mai ya riga ya nuna lokacin juyawa ya gabato. Ya zaɓi ya ci gaba da nema. Can ya hangi wani ƙaramin jirgin yaƙin Japan, Arashi, yana sheƙa gudu shi kaɗai, ya ƙaddara rundunarsa yake bi, ya bi sawunsa. Da misalin ƙarfe 10:20 suka iske jiragen dakon, daidai lokacin da rukunin Max Leslie na Yorktown ya iso ta wata fuskar. Jirgin Dauntless yakan kifo daga nisan mita dubu huɗu zuwa shida, kusan a tsaye, yadda shaho ke suro ɗan tsako, ya saki bam yana 'yan ɗaruruwan mita sama da doron jirgi. Cikin 'yan mintuna Kaga da Soryu da Akagi suka kama da wuta. Akagi, jirgin Admiral Nagumo, kwamandan jiragen dakon Japan, jirage uku ne kawai suka auka masa ƙarƙashin Richard Best, kuma bam ɗaya da ya shige ciki ya isa. Kusan rabin jiragen McClusky ba su koma ba, da yawansu saboda man da aka ƙone wajen nema. Biyu daga cikin waɗanda suka faɗa ruwa, Frank O'Flaherty da maharbinsa Bruno Gaido, jirgin Japan ne ya tsince su, aka yi musu tambayoyi, daga baya aka ɗaura musu nauyi aka jefa su teku. Shi kansa Best, na'urar numfashinsa ta lalata masa huhu a ranar, cutar tarin fuka ta taso masa, bai sake tuƙa jirgin yaƙi ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Joichi Tomonaga na Hiryu, jirgin dakon Japan ɗaya da ya rage. An huda masa tankin mai na fiffike ɗaya a harin da suka kai tsibirin Midway da safe. Da rana aka nemi ya jagoranci jirage goma zuwa kan Yorktown, ya hau jirgin nasa a haka. Rukuninsa ya sami Yorktown da topido biyu, shi kuwa aka harbo shi. Ana ba da labarinsa a matsayin jarunta, kuma jarunta ce. Sai dai rundunar Japan ta yi asarar shugaban rukuni wanda ya shafe shekaru yana tara ƙwarewa, kuma irin wannan asara ce ta riƙa maimaituwa.

Shaidar wanda ya gani

Ya kamata mai bincike ya yi taka-tsantsan da labaran matuƙa, ba don ƙarya ba, sai don abin da ido ke iya kamawa cikin daƙiƙoƙi, ga hayaƙi ga tsoro. Matuƙan manyan jiragen B-17 na sojan ƙasa sun yi imanin sun sami jiragen Japan a Midway, jaridu suka ba su nasarar, alhali ba su sami ko ɗaya ba. Mitsuo Fuchida, wanda ya jagoranci harin Pearl Harbor kuma yana kan Akagi a ranar, ya rubuta bayan yaƙi cewa saura minti biyar jiragen Japan su tashi aka far musu. An yi shekaru ana maimaita wannan a littattafan Yamma, har Jonathan Parshall da Anthony Tully suka bi kundin zirga-zirgar jiragen Japan a littafinsu Shattered Sword na 2005, suka nuna jiragen harin suna ɗakunan ajiya na ƙasa, cike da mai da makamai, shi ya sa wutar ta yi muni haka. Binciken nasu ya kuma gyara fahimtarmu game da sadaukarwar jiragen topido: amfaninta na haƙiƙa shi ne ta hana doron jiragen Japan sakat, ana ta tayar da jiragen kariya ana sauke su, ba a sami sararin jera jiragen hari ba.

Rahoton hukuma ma bai tsira ba. Rahoton da Hornet ya miƙa ya ba da wata alƙibla da yawancin masu bincike na baya suke ganin ba ita aka bi ba, har Admiral Spruance, wanda Hornet da Enterprise ke ƙarƙashinsa, ya rubuta cewa inda aka sami saɓani a ɗauki na Enterprise. Kyaftin ɗin Hornet a ranar shi ne Marc Mitscher.

Wanda ya faɗa ruwa

Ana yawan cewa a Midway Japan ta rasa ƙwararrun matuƙanta. Ƙididdiga ba ta goyi bayan haka ba. Ma'aikatan sama kimanin 110 ta rasa a can, kodayake makanikai fiye da 700 sun mutu a cikin jiragen dakon, kuma waɗannan ma ba a samun irinsu a dare ɗaya. Zubar jinin ta zo ne a hankali, a yaƙe-yaƙen tsibiran Solomon. A gumurzun Santa Cruz kaɗai, cikin Oktoba 1942, Japan ta nutsar da Hornet amma ta rasa ma'aikatan sama 148, har da Shigeharu Murata wanda ya jagoranci jiragen topido a Pearl Harbor.

A nan tsarin rundunonin biyu ya rabu. Jirgin Zero an ƙera shi mara nauyi domin nisa da saurin juyi, ba sulke a bayan matuƙi, tankin mansa kuma ba ya toshe kansa in harsashi ya huda shi. Wildcat ya fi shi nauyi da jinkiri, amma yakan sha harbi ya dawo da mai shi. Horon matuƙan ruwa na Japan kafin yaƙi tsaurinsa ya kai matuƙa. Saburo Sakai ya ce a ajinsu na 1937, cikin masu nema 1,500 an ɗauki 70, kuma 25 suka kammala. Irin wannan tsari yana fitar da gwanaye, amma 'yan kaɗan, kuma gwanin yakan zauna a fagen daga har ya mutu ko ya naƙasa. Amurka kuwa tana janye gogaggun nata ta mayar da su malamai. John Thach, wanda ya ƙirƙiro dabarar da jirage biyu ke saƙa juna don kowa ya kare bayan ɗan'uwansa daga Zero, bayan Midway gida aka mayar da shi ya koyar. An kuma gyara tsofaffin jiragen fasinja biyu, Wolverine da Sable, aka yi musu doro, suna kai-komo a Tafkin Michigan inda ba abokin gaba, matuƙa kimanin 17,000 suka koyi sauka a kansu.

Ceto ma aka mayar da shi aiki mai tsari. Ana girke jiragen ƙarƙashin teku kusa da tsibirin da za a kai wa hari, a gaya wa matuƙa inda za su nufa in an harbe su. Jirgin Tang ya kwaso mutum 22 a Truk a fita ɗaya cikin 1944, kuma kafin ƙarshen yaƙi waɗanda aka ceto ta wannan hanya sun haura 500. Ɗaya daga cikinsu shi ne George H. W. Bush, ɗan shekara 20, wanda aka harbo a Chichijima ranar 2 ga Satumba 1944, jirgin Finback ya tsamo shi. Abokan aikinsa biyu da ke cikin jirgin ba su tsira ba, kuma wasu matuƙan da aka kama a tsibirin kashe su aka yi.

Ba ina cewa wani ɓangare ya fi wani tausayi ba ne. Amurka tana da mai da masana'antu da yawan jama'ar da za ta iya ware jiragen ƙarƙashin teku don ceto, Japan ba ta da su. Amma ba duka ne talauci ya jawo ba. Ƙin mayar da gwanaye su koyar, da ɗaukar faɗawa hannun abokin gaba a matsayin abin kunyar da mutuwa ta fi shi, zaɓi ne da shugabanni suka yi, kuma matuƙin da ya san za a neme shi in ya faɗa ruwa ba ya tuƙi irin na wanda ya san ba mai zuwa.

Daren 20 ga Yuni 1944

Shekara biyu bayan Midway, Mitscher ne ke riƙe da jiragen dako 15 a Tekun Filifin, yammacin tsibiran Mariana, Admiral Ozawa na Japan kuma yana da tara. Sababbin matuƙan Ozawa sun shafe makonni a Tawi-Tawi ba su yi atisaye sosai ba, saboda jiragen ƙarƙashin tekun Amurka sun hana jiragen dakonsu fita. Ranar 19 ga Yuni suka taso, rada ta hango su tun daga nesa, jiragen Hellcat suka tare su, Japan ta rasa jirage fiye da 300 a wuni ɗaya, ga jiragen dako Taiho da Shokaku da jiragen ƙarƙashin teku suka nutsar.

Washegari sai bayan la'asar aka gano inda Ozawa yake. Mitscher ya saki jirage fiye da 200, suna sama kuma aka aiko da gyara cewa nisan ya fi yadda aka faɗa, ya haura kilomita 500. Kowane matuƙi yana iya lissafin da kansa: man zai kai shi, dawowar ce ke da wuya, kuma cikin duhu za a yi ta, alhali yawancinsu ba su taɓa sauka a kan doro da dare ba. Suka isa rana na faɗuwa, suka nutsar da jirgin dako Hiyo, suka raunata wasu. Jirage kimanin 20 aka harbo. Sauran suka juyo gabas cikin duhu ƙirin, rediyo cike da muryoyin masu sanar da cewa mansu ya ƙare za su sauka a ruwa. Wasu rukunan suka yanke shawarar su sauka tare tun da sauran ɗan mai, don robobin cetonsu su kasance wuri guda.

Ƙa'ida ita ce runduna ba ta kunna ko ashana da dare a ruwan da jiragen ƙarƙashin tekun abokan gaba ke yawo. Mitscher ya ba da umarni a kunna fitilu. Aka haska manyan fitilu sama, ƙananan jiragen yaƙi suka riƙa harba harsasai masu haske, aka ce kowa ya sauka a duk jirgin dakon da ya samu. Hasken ya nuna musu gida, amma ya kawo nasa ruɗanin, domin da wuya a bambance jirgin dako da wanda ba shi da doro, kuma masu ɗigon mai na ƙarshe suna ƙin bin umarnin fasa sauka, su faɗa kan waɗanda suka riga su. Jirage kimanin 80 aka rasa a dawowar, ninki huɗu na abin da Japanawa suka harbo. Amma aka kwana aka wuni ana tsintar mutane a ruwa, har waɗanda aka rasa a ƙarshe suka tsaya a kimanin 50. A ganina, da wuya a raba wannan umarni da abin da mutumin ya gani a Midway, ranar da ya tsaya a kan Hornet yana jiran jiragen da ba su dawo ba.

Ozawa ya koma da jirage 35 masu aiki daga cikin kimanin 430.

25 ga Oktoba 1944

Bayan wata huɗu, a gumurzun Leyte, Japan tana da sauran jiragen dako amma ba ta da isassun matuƙan da suka iya tashi da sauka a kansu. Aka ba Ozawa guda huɗu, da jirage ɗari da 'yan kai, aka ce ya je arewa ya bari a gan shi don ya janye Admiral Halsey na Amurka daga wurin da sojojin Amurka ke sauka. Halsey ya bi shi, ranar 25 ga Oktoba aka nutsar da duka huɗun, har da Zuikaku, na ƙarshe cikin shidan da suka kai harin Pearl Harbor.

A safiyar wannan ranar ce kuma rukunin farko na 'yan kamikaze, wato matuƙa masu harin ƙunar baƙin wake, da Admiral Takijiro Onishi ya kafa ya sami nasara. Jiragen Zero biyar ɗauke da bam suka tashi daga filin Mabalacat a tsibirin Luzon, ɗaya ya faɗa kan ƙaramin jirgin dakon Amurka St. Lo ya nutsar da shi. Ta fuskar lissafin hafsoshi, dabarar ta kawar da duk matsalolin da wannan maƙala ta zayyana: ba a buƙatar man dawowa, ba a buƙatar koya wa yaro neman jirgi a teku ko kama igiya da ƙugiya, horon 'yan watanni ya wadatar. Wanda aka zaɓa ya jagoranci rukunin, Laftanar Yukio Seki, ba ɗan koyo ba ne. Ya fito daga kwalejin hafsoshin ruwa, an horar da shi a kan jiragen bam na jirgin dako, kuma kafin a tura shi Filifin malami ne mai koyar da sababbin matuƙa a Taiwan. Shekarunsa 23.